Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Ciwon Kifin Ado Daga Ruwansa Yake Farawa

Duk mai yawon kasuwanni a ƴan shekarun nan ya san ɗan ƙaramin kifin nan mai doguwar wutsiya kamar an baza mayafi, wani ja, wani shuɗi, wani fari, wanda ake sakawa shi kaɗai cikin kwalba a kan kanta. Za ka gan shi a shagon mai wayoyin salula, ko wajen mai aski, ko a falon wani alhaji. Sunansa beta. Masu sarinsa daga Ikko ko Kwatano suna son shi domin ba ya cin wuri, ba ya mutuwa nan take don babu injin hura iska, ga shi kuma yana jan idon mai wucewa. Sai dai kukan da muke ji daga bakin masu saye da masu sayarwa iri ɗaya ne: an kawo shi lafiya lau, ya yi mako ɗaya ko biyu yana wasa, daga nan ya daina cin abinci, ya naɗe fukafukansa, ya kwanta a gindin kwalba, wata safiya a tarar ya mutu. Mai saye ya ce an sayar masa da mara lafiya, mai sayarwa ya ce ai da ransa ya bar shago, na gefe kuma ya ce kambun baka ne.

To, jama'a, mafi yawan lokaci ba ko ɗaya daga cikin ukun ba ne. Ruwa ne. Kuma abin da ke ruɗin mutane shi ne ruwan da ke kashe kifin yana iya zama garau kamar na sha, ba wari, ba launi.

Asalin beta ƙasar Tailan ne da maƙwabtanta irin su Kambodiya, inda yake zaune cikin gonakin shinkafa da fadamu da ƙananan magudanan da ciyawa ta cika. Mutanen can suna kiransa pla kat, wato kifi mai cizo, saboda maza biyu ba sa haɗa wuri sai sun yi faɗa. Wani masanin kifaye ɗan Ingila mai suna Charles Tate Regan ne ya sa masa sunan Betta splendens a 1910, kuma a 2019 gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Waɗanda ke shigowa kasuwa ba daga fadama aka kamo su ba, kiwonsu ake yi, kuma yankin Nakhon Pathom da ke kusa da Bankok ya shahara da wannan sana'a. Daga can ake ɗaure kowane namiji cikin ƴar ledarsa da ɗan ruwa, a sa a jirgin sama.

Abin da ya sa yake jure wannan tafiya shi ne Allah ya yi masa wata gaɓa a cikin kai da yake shaƙar iska da ita kai tsaye. Duk bayan ɗan lokaci sai ya hau saman ruwa ya haɗiyi iska ya koma. Mu nan ba baƙon abu ba ne a gare mu: tarwaɗa ma tana da irin wannan baiwa, shi ya sa take wuni da ranta cikin daro a kasuwa alhali karfasa ta daɗe da mutuwa. Amma wannan juriya ita ce ta zame wa beta jarrabawa. Da yake bai mutu cikin kwalba ranar farko ba, sai mutane suka ɗauka kwalba ce gidansa. Fadamar da ya fito ba ta da zurfi, gaskiya ne, amma tana da faɗi, tana da tsirrai da laka masu shanye ƙazanta, ga ruwan sama yana sabunta ta. Kwalba ba ta da ko ɗaya.

Ga yadda abin yake faruwa. Duk kifi mai rai yana fitar da wani sinadari mai suna amoniya, akasari ta wurin jan naman nan da ke ƙarƙashin murfin kumatunsa, wanda yake numfashi da shi cikin ruwa. Kashinsa da ragowar abincin da ya nutse su ma idan sun ruɓe amoniya suke komawa. Mai kiwon kaji ya san warinta, shi ne wanda ke sa ido hawaye a ɗakin da ba a share ba. A cikin ruwa kuwa, ɗan abin da hancin mutum ba zai ji ba ya isa ya ƙone wa kifi wurin numfashi da fata. Ku ƴan kasuwa ne, lissafin ba zai ba ku wahala ba: kifi ɗaya, ƙazanta ɗaya, idan cikin lita 20 ta narke, ga yadda take, idan cikin lita 1 ce, ƙarfinta ya ninka 20. Shi ya sa masu kiwon da suka san aiki suke cewa a ba beta wuri mai cin ruwa kusan lita 20, wato kamar jarka guda. Ba gata ba ne, ƙaramin ruwa ya fi babba wuyar kulawa.

A akwatin gilashin da ya daɗe, akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama jikin tsakuwa da soson matata. Wasu suna juya amoniya ta koma nitirit, wanda shi ma guba ne domin yana hana jinin kifi ɗaukar iska. Wasu kuma suna juya nitirit ya koma nitirat, wanda ba shi da haɗari sosai sai ya taru, kuma canjin ruwa ke rage shi. Waɗannan ƙwayoyi ba sa kafuwa dare ɗaya, sukan ɗauki mako 4 zuwa 6. Wannan ne dalilin da ya sa mutuwar ke yawan zuwa a makonnin farko: akwati sabo fil, ruwa garau, amma babu ma'aikatan da za su kwashe dattin. Sannan ga wani kuskure na masu tsananin tsabta. Mutum ya ga kifinsa ya yi sanyi, sai ya kwashe komai, ya wanke akwati da tsakuwa da soso da sabulu ko omo, ya ɗauraye da ruwan famfo, ya cika da sabon ruwa. Ya kashe ƙwayoyin da suka fara kafuwa, ya bar ragowar sabulu, ya kuma jefa kifi cikin ruwan da ya bambanta da wanda ya saba. Soson matata cikin tsohon ruwan da aka ɗebo daga akwatin ake matse shi, a mayar. Sabulu kuwa ba ya kusantar kayan kifi ko kaɗan.

Saboda haka, idan ka ga beta ya naɗe fukafukai, launinsa ya dushe, yana rataye a saman ruwa yana haki ko ya lafe a ƙasa, kada ka fara da magani. Ɗebe kusan rabin ruwan a hankali, ka zuƙe dattin ƙasa da siririn tiyo, ka mayar da sabon ruwa mai ɗumi daidai da tsohon. Kada ka ba shi abinci ranar. Gobe ka sake ɗebe kwata zuwa rabi, jibi ma haka. Kifaye da yawa da aka fid da rai a kansu da wannan kaɗai suke miƙewa. Wanda ke da hali ya nemi kayan gwajin ruwa wajen masu sayar da kifin ado a manyan birane. Ba su da wuyar aiki, launi suke canzawa a kwatanta da takarda. Amoniya da nitirit dole su nuna sifili, nitirat kuma ya tsaya ƙasa da miligiram 40 a lita, in ma ƙasa da 20 ne ya fi. Mai sayar da kifi da yawa, wannan gwaji ya fi masa kowane magani amfani.

Sai maganar wane ruwa za a zuba, kuma nan ne wurinmu ya bambanta da na mutanen Tailan. Ruwan famfo ana sa masa kulorin, sinadarin nan da ke cikin ruwan jabel, domin kashe cututtuka. Alheri ne ga mutum, guba ne ga kifi da ƙwayoyin matata. A tara shi cikin bokitin roba a buɗe ya kwana ya wuni, aƙalla awa 24, kulorin zai fita. Akwai kuma wani nau'i mai suna kuloramin da wasu kamfanonin ruwa ke amfani da shi, wanda ajiya ba ta fitar da shi. Ɗigon maganin kashe kulorin da masu kifin ado ke sayarwa yana aiki a kan duka biyun, kuma kwalba ɗaya tana daɗewa. Ruwan da aka jefa wa ƙwayar tsabtace ruwan sha shi ma kulorin ne a ciki. Ruwan rijiya ko na burtsatse ba shi da kulorin, amma a wasu yankunanmu yana da kanwa-kanwa, kuma wannan yana da nasa tasiri: a ma'aunin da ake kira pH, beta ya fi son 6.5 zuwa 7.5, kuma idan ruwa ya tashi daga 7 zuwa 8, kason amoniyar da ke da dafi yana ninkawa kusan sau 10. Ma'ana, ƙazantar da kifi zai jure a wani gari tana iya kashe shi a wani garin. Mai irin wannan ruwa ba sai ya tsaya zuba sinadarai don gyara shi ba, beta na kiwo yana sabawa in dai ruwan bai riƙa canza hali ba. Abin da ya kamace shi shi ne yawaita canji. Rijiyar da ke kusa da salga ko garke kuwa, tana iya zuwa da nitirat ɗinta tun daga tushe.

A kula da mazubi ma. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, ko gas, ko maganin ƙwari, ko an wanke ta sau goma kada a tara ruwan kifi a ciki, kuma mun san irin waɗannan jarkoki su suka fi yawa a bakin iyaka. Bokitin ƙarfe da ruwan saman da ya gangaro daga rufin kwano suna iya ɗauko tutiya, ita ma tana cutar da kifi. A ware bokitin roba ɗaya, sabo, a hana yara wanki da shi.

Yanayi shi ne abu na biyu. Beta yana son ruwa mai digiri 24 zuwa 28. Muna ganin ƙasarmu ƙasar zafi ce, sai mu manta da hunturu. A Disamba da Janairu, daren Maraɗi ko Damagaram yana sauka ƙasa da digiri 15, kuma ruwan kwalba yana bin iska cikin ƴan awoyi. Kifi ba ya ɗumama jikinsa, idan ruwa ya yi sanyi cikinsa ba ya narka abinci, ƙarfin jikinsa na yaƙar cuta yana raguwa. Wanda ke da wuta ya sa ƴar na'urar ɗumama ruwa mai tsayawa da kanta. Wanda ba shi da ita ya matsar da akwatin cikin ɗaki nesa da ƙofa da taga, ya lulluɓe shi da bargo da dare, ya bar ƴar kafar iska. A Afrilu da Mayu kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, shagon kwano tanda ne. Ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai, kuma yana ƙara wa amoniya dafi. A sauke akwatin ƙasa cikin inuwa, kada rana ta taɓa shi, a bar fanka ta riƙa bugun saman ruwan. Kada a jefa ƙanƙara, domin saurin canji ya fi zafin kansa illa. Idan ruwa ya ƙafe saboda iskar hunturu ko zafi, cikawa kawai ba canji ba ne: ruwa ne ya tafi, datti yana nan, ya ma ƙara kauri.

Akwai wani makashi da ba a cika zarginsa ba, wato maganin sauro. Irin wanda ake fesawa da wanda ake kunnawa akasari suna ɗauke da sinadaran da ke da mugun dafi ga kifi, ko kaɗan ne ya sauka a saman ruwa, fiya-fiya kuwa ba a magana. Mutum ya fesa shago da magariba ya kulle, da safe ya tarar da kifi a sandare, ya ce ai jiya lafiyarsa ƙalau. In za a yi feshi, a fitar da kifin, ko a rufe akwatin ruf a kashe injin iska har sai ɗakin ya sha iska. Hannun da ya taɓa maganin ƙwari, ko turare, ko man shafawa, kada ya shiga ruwan.

Abinci kuma, beta ba mai cin tsaki ba ne, ƙwari da tsutsotsi yake ci. Burodi da biskit da tuwo ba sa yi masa komai sai ɓata ruwa. Ƙwayoyin abincin da aka yi dominsa, guda 3 ko 4 da safe, haka da yamma, sun isa. Abin da bai ci ba cikin minti biyu a tsame shi. Tsutsar sauron da ke wutsil-wutsil cikin tsohuwar randa kuwa ita ce abincinsa na asali, kyauta, in dai ruwan da aka ɗebo ta mai tsabta ne. Ka ciyar da kifi, ka rage sauro. A shago matsalar ita ce kowa mai ciyarwa ne, mai gida ya ba shi, yaron shago ya ba shi, baƙo ma ya ce bari ya gani. A sa mutum ɗaya. Idan kifi ya kumbura yana iyo a karkace, ko ya kasa nutsewa, sau da yawa ƙoshi ne ya danne jakar iskar da ke cikinsa. A hana shi abinci kwana 2 ko 3 a ruwa mai ɗumi, yakan warware.

To, idan an gyara ruwa kuma alamar cuta tana nan fa? Wadda ta fi yawa ita ce ruɓewar fukafukai: bakin wutsiya ya yi baƙi ko fari, ya riƙa zaizayewa kamar tsumman da gara ta ci. Bakteriya ce ke samun ƙofa a jikin da ruwa mai datti ya raunana. In ba ta yi nisa ba, canjin ruwa a kai a kai ya isa, wutsiyar za ta sake tsirowa, da farko fara sal kamar leda. Ana iya ƙarawa da gishiri tsantsa, ƙaramin cokalin shayi ɗaya cikin lita 4, a narka shi kafin a zuba, kada a wuce kwana 10. Gishiri muka ce, ba kanwa ba, ba magi ba. Kuma gishiri ba ya ƙafewa, saboda haka ruwan da aka canza kaɗai ake auna wa sabo. A duba kayan adon da ke cikin akwatin ma, furen roba mai kaifi yana yaga wutsiya, a ɗauka cuta ce.

Idan fararen ɗigo ne kamar an barbaɗa masa gishiri, yana goga jiki da tsakuwa, wannan wata ƴar ƙwaya ce mai shiga ƙarƙashin fata. Abin lura game da ita: lokacin da kake ganin ɗigon, magani ba ya kai mata, fatar kifin ta kāre ta. Sai ta ƙoshi ta faɗo ƙasa, ta rarrabu ɗaruruwa, ƴaƴan su fito neman kifi, a nan ne magani ke kama su. Don haka wanda ya daina magani ranar da ɗigon ya ɓace, bayan kwana kaɗan zai ga ta dawo fiye da da. A ci gaba wasu kwanaki bayan jiki ya washe, a riƙa zuƙe dattin ƙasa, a ajiye ruwan wajen digiri 28 domin zagayen nata ya yi sauri. Akwai ƴar uwarta mai kama da ƙurar zinariya, wadda sai an haska tocila cikin duhu ake ganinta. Ita tana amfana da haske, shi ya sa ake rufe akwatin da zane lokacin jinya. Shuɗin maganin nan mai suna metilen, wanda ake samu a kantin magani, yana taimakawa kan irin waɗannan da kuma farin abu mai kama da auduga, amma a wani mazubi daban ake jinyar, domin yana kashe ƙwayoyin matata, kuma a bi awon da ke jikin kwalbar.

Mafi muni ita ce wadda ciki ke kumbura, ɓawon jiki ya mimmiƙe, in ka leƙa daga sama ka ga kifin kamar abarba. Ruwa ne ya taru a jiki domin ƙoda ta gaza, kuma kaɗan ne ke tashi. A ware shi, a ba shi ruwa mai tsabta da natsuwa. Abin da ba mu goyon baya shi ne fasa kafson ja-da-rawaya na masu tallar magani a zazzage cikin ruwa, kamar yadda ake yi wa kaji. Ba a san awo ba, ba a san ko cutar ta bakteriya ce ba, ga shi yana kashe masu amfanin, amoniya ta sake tashi, a ƙarasa kifin da sunan magani.

Masu kiwo a Tailan suna jefa busasshen ganyen bishiyar da Faransawa ke kira badamiye, mai faffaɗan ganye da ke ja kafin ya faɗo, wadda ake dasawa don inuwa a garuruwa da yawa na yankinmu. Yana mayar da ruwa kalar shayi, kamar na fadamar asali, kuma kifin yana samun natsuwa. A ɗauki wanda ya bushe da kansa, inda ba a yi feshi ba, a ɗauraye, ganye ɗaya cikin lita 20. Taimako ne, ba ya maye gurbin canjin ruwa: kwata kowane mako ga akwati mai matata, mara matata kuwa sau biyu ko uku, ƙaramar kwalba kusan kullum.

Ga ƴan uwa masu sayarwa, kifin da ya sha hanya daga bakin teku zuwa nan a gajiye yake iso. A ɗora ledar a saman sabon ruwan minti 15 zuwa 20 ɗuminsu ya daidaita, a riƙa ƙara ɗan sabon ruwa a ciki, sannan a tsamo kifin a zubar da ruwan ledar. A bar shi ya huta kwanaki kafin a fito da shi kanta, a nan mara lafiya zai nuna kansa kafin ya kai gidan mutane. A sa kwali tsakanin kwalaben maza, domin wuni suna baza wa juna fukafukai yana gajiyar da su. Haɗa su faɗa don a tara jama'a kuwa asarar jari ce, kuma malamai sun hana haɗa dabbobi faɗa. Haka kuma duk mun san labarin matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha, wanda ya nuna dabbar da ka tsare haƙƙinta yana wuyanka. Sannan a gaya wa mai saye gaskiya tun a shago: kwalbar ta ɗauka ce zuwa gida, ba ta zama ba. Beta yana yin shekara 2 zuwa 4 in an kula da shi, kuma yana tsalle, saboda haka akwati yana son murfi mai kafa, da ɗan fili tsakaninsa da ruwa don shaƙar iska.

Idan kifi ya mutu, a binne shi, kada a jefa shi rijiya ko tabki. Mai rauni a hannu kada ya tsoma shi cikin akwati, domin akwai wata bakteriya ta kifi, dangin ta tarin fuka, da ke shiga ta tsaga ta haifar da ƙurji mai daɗewa. Wanda ya ga irin haka ya je likita, ya kuma faɗa masa yana kiwon kifi. Akwatin da cuta ta yi kisa a ciki a wanke shi da ruwan zafi da gishiri, a shanya shi da tsakuwarsa a rana su bushe ƙayau. Bayan haka ya koma sabo, ƙwayoyin matata sun tafi, kuma kifin da za a sa a ciki zai buƙaci canjin ruwa duk bayan kwana ɗaya ko biyu har makonni shidan nan su cika.